Wayon Gizo da Simat ɗin 'Yan Zamani

Kwanan baya wani malamin makaranta a nan Azare ya tsare ni da magana, wai tatsuniyar Gizo ba abin da take koya wa yara sai zamba, gara da aka daina yin ta. Hujjarsa ita ce yaran yanzu, duk wanda ya damfari wani sai su ce simat ne, kuma a ganinsa Gizo ne kakan wannan tarbiyya. Ban yarda ba ko kaɗan.

Kalmar smart ta Turanci, wadda samarinmu suka mayar simat, buhu ce da ake zuba mata komai. Ɗalibi mai ƙwaƙwalwa simat ne, wanda ya tsuke cikin shadda simat ne, wayar hannu ma simat ce, haka wanda ya karɓi kuɗin mota a tasha ya sulale. Ba ta tambayar wa aka yi wa. 'Yan Kudu kuwa da suka ari wayo daga bakinmu suka sa a Turancin buroka, rabin banza suka ɗauka, a wurinsu wayo yaudara ce kawai.

Bahaushe bai yi wannan gangancin ba. Tsohuwa a Katagum in ta ce "an yi abin nan tun ban yi wayo ba", nufinta tun ba ta san dama da hagu ba. Uwa in ta ce "ɗana ya yi wayo", murna take, ya fara gane mutane, ya san wuta tana ƙuna. To, saka 'yar kalma ɗaya a tsakiya: "ya yi mini wayo". Nan take fuska ta ɗaure. Je ka kara, kasuwar dabbobi, ka saurara. Wanda ya sayi raguna da arha ya kiwata har Sallah, ya yi wayo, ana yaba masa. Dillalin da ya ɓoye wa mai saniya ainihin kuɗin da aka saya, ya yi masa wayo, ba zai sake ganin igiyarsa ba. Wannan "mini" da "masa" su ne alƙalan maganar.

A kan wannan bambancin aka gina tatsuniyar. Frank Edgar ya buga tarin tatsuniyoyin Hausa tsakanin 1911 da 1913, tun fadar Sarkin Katagum ba ta dawo Azare ba, sai a 1916, kuma da baka sun girmi haka nesa. Dubi biyu daga cikin waɗanda kowa ya sani. Gizo ya ba giwa bakin igiya, ya ba dorina ɗaya bakin, kowacce na ja tana zaton da Gizo take yi. Nan ƙarami ne ya tsira daga manya da dabara, ya ci riba. Amma da hankaki suka tausaya masa, kowa ya ara masa gashi ya tashi da su zuwa ɓauren tsakiyar ruwa, sai ya shiga cewa kowane nunanne nasa ne, shi ya fara gani. Suka zare gashinsu ɗaya bayan ɗaya, suka bar shi a kan reshe. Gizo ɗaya ne, tsamin bakin ɗaya ne, wanda aka yi wa ne ya sauya, sakamakon ya bi shi.

Na gwada wa yaran gidanmu biyun a dare ɗaya. A ta farko giwa suka yi wa dariya. A ta biyu, ban kai ƙarshe ba wata 'yar shekara 6 ta ce, "Baba, ai su suka taimake shi."