Ilimin haɗaka a bakin ƴan jarida: wasu tsokaci daga Diffa

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce duba yadda kafafen watsa labarai ke gabatar da batun saka yara naƙasassu cikin aji ɗaya da sauran yara. Tushen manufar shi ne Sanarwar Salamanka ta 1994, kuma Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008. Za mu taƙaita bayani a kan jihar Diffa, inda hare-haren Fabrairu 2015 a Bosso da garin Diffa suka tarwatsa ƙauyukan bakin Komadugu, makarantu da yawa suka koma rumfuna a gefen babbar hanya.

Abu na farko, ginin jimla. Galibin rahotannin, musamman na ranar 3 ga Disamba, suna tafiya ne da wakilin suna "an": an raba kekuna, an ba da sanduna, an yi alkawari. A nahawu, yaron karɓau ne kullum. Aikau kuwa ko dai ƙungiya ce, ko hukuma. Mai sauraro sai ya ɗauki lamarin sadaka, alhali haƙƙi ne da doka ta tanada.

Na biyu, kalma. An fifita "masu buƙata ta musamman" don sakayawa. Ladabi ne, amma lafazin ya haɗa kurma da makaho da gurgu a buhu ɗaya. Gurgu na neman hanyar shiga aji, makaho na neman rubutun Braille, kurma kuwa harshe yake nema.

Na uku, wanda ya fi nauyi, tambayar da ba a cika yi ba: da wane harshe za a haɗa su? Ɗan manomin tattasai a kwarin Komadugu ya tashi cikin Barbarci, kasuwa na yi masa Hausa, allo na Faransanci. In kurma ne, sai an ƙara maganar hannu, kuma wadda ya saba da ita a gida ba lalle ta zama irin ta makarantar kurame ta Yamai ba. Zama kan benci ɗaya ba shi ne fahimtar darasi ba.

A ganinmu, ɗan jarida ya rage ƙidayar kayan da aka raba. Ya tambayi malami ko an horar da shi, ya tambayi yaron abin da ya gane, da harshen da yaron ke ji.