Koren Ruwa da Tankin Siminti

Tun da kiwon kifi ya zama yayi a ƙasar Rano da Kibiya, har matashi kan gina tankin siminti a bayan ɗaki ya zuba tarwaɗa, yana sayen abincinsu buhu-buhu, yana malalar da ruwansu a kwata, wani abu yake ci mini rai: an fara ƙyamar kududdufi mai koren ruwa ana kiransa ƙazanta, alhali kuwa a cikinsa akwai hikimar Mahalicci wadda ma'abota ilmi ba su fahimce ta sosai ba sai a zamaninmu.

A 1974, shekarar da aka kammala madatsar Tiga, wani masani a Amurka, Lawrence Pomeroy, ya kafa hujja cewa mafi yawan hidimar rayuwa a teku halittun da ido ba ya gani ne ke ɗauke da ita, kana a 1983 Farooq Azam da abokan bincikensa suka fayyace mas'alar. Ƙananan tsirran da ke sa ruwa kore suna tsiyayar da sinadari ya narke, narkewar da ta fi ƙarfin bakin kifi. Bakteriya, waɗanda ake samun miliyoyinsu a cokalin shayi guda, su tsotse shi. Wasu mitsitsin halittu masu wutsiya kamar silin gashi su yi kiwo a kansu, suna mai da taki cikin ruwan. Ƙwarin ruwa su cinye waɗannan, ɗan kifi ya cinye ƙwarin, abin da ake zaton ya salwanta ya komo nama.

Haka lamarin yake a ruwan daɗi. Karfasar da masuntan Rurum ke fitowa da ita daga Tiga da asuba, tana walƙiya a gindin kwalekwale, wa ya taɓa saya mata buhu?

Ban musanta cewa tarwaɗa a cunkoson tanki tana bukatar sauyin ruwa ba, domin kashinta guba ne in ya taru. Abin da nake kira almubazzaranci shi ne a zubar da ruwan nan mai taki a lungu, ga lambun tumatir yana ƙishi, a kuma riƙa barbaɗa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba da larura ba. Wanda ke da fili a fadama, ina roƙonsa ya haƙa kududdufi, ya rataya buhun kashin kaji a gefe, ya saurara har ruwan ya yi kore kafin ya zuba 'ya'yan karfasa.