Ɗaliban Kasuwanci Su Fita Daga Aji

A Jami'ar Michigan da ke Amurka, mai karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci, wato MBA, idan ya shiga makonni bakwai na ƙarshen shekararsa ta farko, sai ya yi sallama da aji. Za a haɗa shi da wasu 'yan ajinsu kaɗan, a danƙa musu wata matsala da ke ci wa wani kamfani ko asibiti ko ƙungiyar agaji tuwo a ƙwarya, a ce su je su gano bakin zaren, su dawo da shawarar da za a iya aiki da ita. Tun 1992 makarantar kasuwancin jami'ar, wadda yanzu ake kira Ross, take wannan tsari. A jami'ar MIT kuma, tun shekarar 2000 ake raba ɗalibai huɗu-huɗu su yi aiki da ƙananan kamfanoni a ƙasashe masu tasowa. Su fara daga nesa a zangon karatu, sannan a watan Janairu su tashi takanas su je su zauna da masu kamfanin. Makarantar kasuwanci ta Manchester a Ingila ta kasa nata kashi uku: aiki da ƙungiyar da ba ta neman riba, aiki da kamfanin kasuwanci, da wanda ya shafi cinikin ƙasa da ƙasa.

Wannan salo yana ƙara yaɗuwa, kuma ina cikin masu murna da shi. Sai dai goyon bayana yana da sharaɗi. Darajar irin wannan karatu tana ga abin da ya rage a hannun mai kamfani bayan ɗalibai sun kwashe jakunkunansu sun tafi. Idan ba a auna wannan ba, to an tura yara yawon buɗe ido ne da kuɗin makaranta.

Kafin a zo nan, hanyar da ta fi suna ita ce ta Harvard, wadda ta buɗe makarantar kasuwancinta a 1908, ta kuma rungumi koyarwa da labarin kamfanoni a shekarun 1920. Ana ba ɗalibi takardu ɗauke da tarihin wani kamfani da alƙalumansa da tsaka-mai-wuyar da shugabansa ya shiga, ya karanta da dare, da safe a yi muhawara a aji. A shekara biyu ɗalibi kan karanta irin waɗannan labarai kusan 500. Hanya ce mai kaifafa tunani da koya wa mutum kare ra'ayinsa a gaban jama'a. Amma akwai abin da ba ta iya bayarwa. Wani ne ya riga ya je kamfanin, ya tace bayanai, ya zubar da tarkace, ya jera alƙaluma a teburi, har ya rubuta tambayar da za a amsa. Aikin da ya fi wuya a rayuwar manaja, wato gano mene ne ainihin matsalar, an riga an yi wa ɗalibi shi. Farfesa Henry Mintzberg na Jami'ar McGill a Kanada ya rubuta littafi guda a 2004 a kan wannan giɓi, inda ya nuna cewa gudanarwa sana'a ce da ake ƙwarewa a cikinta ta hanyar yi, kuma aji kaɗai ba ya samar da manaja.

Tunanin ma ya girmi littafin Mintzberg. Reg Revans, masanin kimiyyar da ya koma kula da horar da ma'aikata a hukumar haƙar kwal ta Birtaniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya riƙa tara manajojin mahaƙai 'yan kaɗan-kaɗan, su ziyarci wuraren aikin juna, kowa ya baje matsalarsa, sauran su yi masa tambayoyi. Ya yi imanin cewa ilimin da aka riga aka rubuta rabin koyo ne, sauran rabin kuwa iya yin tambaya ne a inda babu wanda ya san amsa. Wannan ne tushen abin da makarantun nan suke yi yau.

Mu kawo abin kusa. A ce an tura ɗalibai biyar wata masana'antar casar shinkafa a wajen Kano. Mai wurin ya tarbe su a ofis, ya ce damuwarsa ciniki ne, yana son su tsara masa talla da sabon buhu mai ɗaukar ido. Da a takarda aka ba su labarin, da nan take sun fara zana tsarin talla. Amma suna wurin. Ɗaya ta zauna da akanta, ta ga littafin bashi mai bangon kwali, shafi bayan shafi na diloli da suka ɗauki kaya tun kaka, an rubuta rabin biya da biro ja, sauran kuma babu ranar kawowa. Wani ya tsaya a bakin sito ya ga injin a kashe da rana tsaka, ya tambaya, mai kula da shi ya ce shanshera ce ta ƙare, kuma ba a sayo ba domin kuɗin suna hannun mutane. Na uku ya bi direba zuwa kasuwa ya ji 'yan kasuwa suna cewa shinkafar tana da kyau, samunta a kan lokaci ne wahala. Kafin mako ya ƙare sun gane cewa masu saye suna nan, jarin ne ya maƙale a bashi, kuma talla za ta ƙara jawo masu ɗaukar kaya ba biya.

Yanzu sai babban darasin. Wa zai gaya wa Alhaji cewa abin da ya kira su a kai ba shi ne ciwon ba, alhali wasu daga cikin masu riƙe da kuɗin abokansa ne na shekara da shekaru, wani ma surukinsa ne? Da wace murya za a faɗa, a gaban wa, kuma wace mafita za a kawo wadda ba za ta raba shi da mutanensa ba? Wataƙila a ce masa, "Ranka ya daɗe, ba mu ce a daina ba da kaya ba, amma a sa wa kowa iyaka da wa'adi, a kuma yi rangwame ga mai biya nan take." Ɗalibin da ya tsaya ya faɗi wannan, ya ga fuskar mai kamfani ta canza, ya kuma iya kare lissafinsa cikin ladabi, ya samu abin da lacca ba ta bayarwa. Gani ya kori ji.

Aiki a rukuni shi ma darasi ne mai zaman kansa. Ajin MBA yakan haɗa injiniya da ma'aikaciyar banki da likita da jami'in gwamnati, kowa da irin idon da yake kallon matsala. Injiniya zai ga na'ura, ta banki za ta ga kuɗin da ke shiga da fita, jami'in gwamnati zai tuna da haraji da lasisi. Dole su yi gardama, su raba aiki, su haƙura da juna, su fito da murya ɗaya a ranar da aka tsayar. Haka aikin ofis yake, kuma gara mutum ya fara ɗanɗana shi tun yana da malami a kusa.

Amma duk wanda ya taɓa aikin rukuni a jami'a ya san inda gizo ke saƙar. Mutum biyu su kwana suna aiki, ɗaya ya ɓace sai ranar gabatarwa ya bayyana da babbar riga, a ba kowa maki ɗaya. Wannan zalunci ne, kuma yana koya wa mai ƙwazo cewa ƙwazo asara ne. Maganinsa a hannun malami yake. A ba rukuni makinsa, a kuma ba kowane ɗalibi nasa daban, bisa abin da ya rubuta da hannunsa, da tambayoyin da ya amsa shi kaɗai, da shaidar da abokan aikinsa suka bayar a kansa a asirce.

Abin da ya fi damuna shi ne haƙƙin mai kamfani. Ɗalibi idan ya ba da gurguwar shawara, maki kaɗan zai rasa. Mai kamfani idan ya bi ta, jarinsa ne zai tafi, da albashin mutanen da ke ci a ƙarƙashinsa. Ya buɗe musu littattafansa, ya ba su lokacin ma'aikatansa, ya nuna musu sirrin da ko ɗan'uwansa bai sani ba. Saboda haka wajibi ne a yi yarjejeniya a rubuce kan riƙe sirri, a kuma sa malamin da ya san harkar ya bi kowace shawara da idon basira kafin ta isa teburin mai wurin. Dole ne kuma a rage buri. Makonni bakwai ba za su gyara kamfani gaba ɗaya ba, amma sun isa a warware tambaya ɗaya da kyau. Rukunin da ya gyara yadda ake rubuta kayan sito ya fi wanda ya kawo shafi tamanin na tsarin shekara goma da ba wanda zai buɗe.

Ina kuma da ja a kan tafiye-tafiyen da ake yi daga manyan makarantun Turai da Amurka zuwa ƙasashe irin namu. Baƙon ido yana da amfani, yakan ga abin da ɗan gida ya saba da shi har ya daina gani. Sai dai wanda ya sauka na 'yan makonni, ba ya jin harshen kasuwa, bai san yadda ake ciniki a kan amana ba tare da takarda ba, yana iya ɗaukar ginshiƙin kasuwancin a matsayin matsala. Da ɗan gari akan ci gari. Idan za a yi irin wannan tafiya, a haɗa baƙin da ɗaliban jami'o'in wurin, su yi aikin tare a matsayin abokai.

Wannan ne ya sa nake ganin mu ne muka fi kowa dacewa da tsarin. Makarantar Kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero tana gari ɗaya da Kantin Kwari da kasuwar hatsi ta Dawanau da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa. Ta Jami'ar Ahmadu Bello tana tsakiyar ƙasar noma. Abin da ɗalibin MIT ke hawa jirgi ya nema, namu ɗalibin da Keke Napep zai isa gare shi. Da yawa daga masu karatun MBA a nan ma'aikata ne da ke zuwa aji a ƙarshen mako, sun san ofis, sun san kasuwa. Kuma ra'ayin ba baƙo ba ne a wurinmu: asusun horar da ma'aikata na ITF ya fara tura ɗalibai masana'antu tun shekarun 1970, kuma kowane babban ɗan kasuwa a Kwari zai gaya maka cewa a tsaye a shagon maigidansa ya koyi ciniki. Abin da ya rage shi ne a ɗaga wannan zuwa matakin digiri na biyu, inda ɗalibi zai je da ilimin lissafin kuɗi da tsarin kasuwa ya biya wurin da ya koya masa.

A wurare da yawa, kundin kammala digiri babi biyar ne da takardar tambayoyi da aka raba, a ɗaure shi da bango mai kauri a jera a kanta. Wannan yana da amfani ga mai niyyar zama malamin jami'a. Wanda zai koma ya riƙe kamfani ko ma'aikata kuwa, ya kamata a ba shi zaɓin yin aikin rukuni a wata masana'anta, ko ƙungiyar manoma, ko makarantar kuɗi, ko asibiti mai zaman kansa. Mai wurin ya zauna cikin masu ba da maki ranar gabatarwa. Bayan wata shida kuma makaranta ta aika a tambaye shi: cikin shawarwarin nan, wanne ka yi aiki da shi, me ya haifar, wanne ka ajiye, saboda me? Amsarsa ta shiga hannun malamai da rukunin da zai biyo baya.

Shugabannin makarantun kasuwancinmu ba sa buƙatar sabon gini kafin su fara. Rukuni biyar, kamfanoni biyar da suka yarda, malamai biyar da za su taka ƙafa su je wurin, a zango ɗaya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu su buɗe ƙofa, su kuma faɗi gaskiya idan shawara ba ta yi ba. Daga abin da aka gani a wannan zango za a san yadda za a faɗaɗa.