Tsokaci a Kan Waƙar Jummai ta Haruna Uji

Masu nazarin waƙoƙin baka sun fi karkata ga makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, sun bar waƙoƙin soyayya a baya, kamar dai abin hira ne na samari kawai. Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a nuna cewa waƙar Jummai ta marigayi Haruna Uji, makaɗin gurmi na Haɗejiya a Jihar Jigawa, ta cancanci a zauna mata.

Turken waƙar shi ne bege. Muhimmancinsa kuwa ba zai fito ba sai an auna shi da al'ada. Bahaushe mutum ne mai kunya da kawaici, har matar aure takan ɓoye sunan mijinta, uwa ta ƙi ambaton ɗan fari. A cikin irin wannan al'umma ne Uji ya ɗauki gurmi ya kama sunan mace a bainar jama'a, yana nanata shi ba gajiya. Yabon da aka saba yi wa sarki ko attajiri don neman doki da riga, shi ya juya wa masoyiya, tukwicin da yake nema kuwa bai wuce amincewarta ba.

Sunan ma abin dubawa ne. Jummai laƙabi ne na macen da aka haifa ranar Juma'a, kamar yadda Balaraba, wadda ita ma ya waƙe, take nufin haihuwar Laraba. Babu garin da ba shi da tasa Jummai. Saboda haka kowane mai sauraro yana iya aron bakin mawaƙin ya faɗi abin da kunya ta hana shi furtawa.

Ta fuskar kiɗa, gurmi ba shi da amon tambari ko kotso. Sautinsa siriri ne, ya fi kama da ganawa, don haka ya dace da kukan zuci.

Mawaƙan sutudiyo na yau, irin su Umar M. Shareef da Hamisu Breaker, sun tarar da hanya a share. Bahaushen da neman abinci ya kai shi Kurudu, a gefen Abuja, ya baro tasa a gida, shi ma yana da rabo a wannan waƙa. Ya rage ga ɗalibai su rubuce ta daga faifai da kaset, su nazarce ta, tun kafin waɗanda suka san asalinta su ƙare.