Tuffa a Falo, Goruba a Tire

A 'yan watannin nan na bi labarai da dama cikin waɗanda ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, kuma akwai wata ɗabi'a da na yi ta cin karo da ita. In marubuciya tana son nuna mana gidan masu hali, sai ta buɗe firji mu ga tuffa da inibi. In talauci take son nunawa, sai ta ɗora wa yarinya tallan goruba, ko ta zaunar da tsohuwa gaban kwaɗon rama. Kanya da ɗinya da aduwa sun zama shaidar cewa jarumar ba ta waye ba tukuna. Ranar da attajiri ya aure ta, ranar suke fita daga labarin.

Ba laifi ba ne a rubuta masu kuɗi yadda suke. Damuwata ita ce, a wajen yaron da ya tashi a birni, labarin nan na cikin waya yana iya zama inda zai fara jin sunan taura, kuma a nan zai koyi raina ta.

Kano kanta shaida ce. Muna da Giginyu da Kurna da Ɗorayi da Tsamiyar Boka, unguwanni masu sunan itatuwa, amma gini ya cinye filayen. A sana'ata ta rubuta manhaja muna da irin wannan: adireshin intanet da yake nan daram, amma in ka latsa ba ya kai ka ko'ina. Na tambayi 'yar yayata, haifaffiyar Giginyu, daga ina muruci yake fitowa. Ta ce ai wani irin rogo ne. Ba ta san tsiron ƙwallon giginya ba ne, bishiyar da unguwarsu ta ci sunanta.

Wasu za su ce a tattara sunayen a kundi ko a manhaja, shi ke nan. An daɗe da yin haka. Tun 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, kuma aikin nasa yana da amfani har gobe. Sai dai jerin suna ba ya koya wa mutum cewa a inuwa ake shanya ganyen kuka don kada korensa ya dushe, ko cewa yawan shan aduwa yana sakin ciki, ko yadda ake raba garin ɗorawa da kalwa har kalwar ta zama daddawa. Wannan sani a hannun mata da bakin tsofaffi yake, kuma labari ne ya fi iya ɗaukarsa, domin shi ne yake nuna wa ke yi, da wane lokaci, da kuma don wa.

Don haka ba wa'azin gargajiya nake nema a tsakiyar labarin soyayya ba. Ina son in ga likita a Abuja da take aika a sayo mata ɗinya saboda ta tuna kakarta, ba tare da marubuciya ta nemar mata uzuri ba. Ina son in ga amarya da uwar miji sun saɓa a kan yawan kanwar da ake sa wa miyar yakuwa. Irin waɗannan mutane suna nan cikinmu. Marubutanmu ne ba su ba su wuri ba tukuna.