Saƙon bai ɓata ba, kai ka aike shi wani wuri

"Wallahi ban ga imel ɗinka ba." Kusan kullum sai ka ji wannan magana a ofis, kuma nan take a ɗora wa intanet laifi, ko a ce mai aikowa ne ya kuskure adireshi. Laifi tudu ne. Sau da yawa saƙon ya iso lafiya, yana kwance a wata folda, kuma mai akwatin ne da hannunsa ya kafa ƙa'idar tace saƙo da ta kai shi can.

Tun da Gmail ya fara raba akwatin saƙo zuwa shafuka a 2013, na tallace-tallace daban, na sada zumunta daban, mutane suka saba na'ura ta yi musu tankaɗe da rairaya. Yanzu yayi ya kai kowa na tara ƙa'idoji, wani ashirin, wani hamsin, kuma babu mai waiwayar su. A ganina wannan sakaci ne. Ƙa'ida 'yar aike ce da ba ta tambaya, abin da ka faɗa mata shekara uku baya shi take yi har yau.

Ni ma ta taɓa ci da ni. Na gaji da saƙonnin 'yan talla, sai na kafa ƙa'ida cewa duk saƙon da ke ɗauke da kalmar nan ta cire suna daga jeri, wadda suke sanyawa can ƙasa da ƙananan haruffa, ya wuce foldar talla ba tare da ya tsaya a akwati ba. Ashe wata ƙungiya da ta gayyace ni taron bita ita ma da irin wannan tsari take aika wasiƙunta. Sai da ranar taron ta wuce na ga takardar, tsakanin tallan takalma da na wayoyi.

Daga nan na koyi bin sawu. Abu na farko shi ne jerin ƙa'idojin. Manhajojin imel irin su Outlook da Thunderbird suna bin su ɗaya bayan ɗaya daga sama zuwa ƙasa. A Outlook akwai zaɓin da ke cewa a dakata da sauran ƙa'idoji da zarar wannan ta kama saƙo, don haka idan mai faɗin baki tana sama, na ƙasa ba za su samu komai ba. Mai takamaiman sharaɗi ita ya kamata ta hau sama.

Na biyu, wasu ƙa'idojin Outlook a kwamfutarka kaɗai suke aiki, sai manhajar tana buɗe. Shi ya sa za ka duba waya ka ga komai a cakuɗe. Na uku, folda da aka goge tana barin ƙa'idarta a karye. A Gmail kuwa, gwada sharaɗin a wurin bincike tukuna, ka ga saƙonnin da zai kwaso kafin ka tabbatar da shi. Kuma ka riƙa leƙa foldar tarkace, domin bayan kwana 30 Gmail yana share abin da ke cikinta.

Akwai abin da ya fi wannan tayar min da hankali. Ɓarayin intanet idan suka shiga akwatin mutum sukan kafa tasu ƙa'idar a ɓoye, ta riƙa tura musu saƙonnin banki ko ta ɓoye gargaɗin da ake aiko masa. Wanda ƙa'idojinsa biyar ne zai gane baƙuwa da kallo ɗaya, mai hamsin kuwa sai Allah.

Ɗan'uwa, buɗe jerin ƙa'idojinka a yau. Duk wadda ba ka tuna dalilin kafa ta ba, share ta. Ka bar kaɗan da ka sani, ka riƙa duba su duk wata.