Safiyon Ma'adinai: Gwanin da Ke Nuna Wa Kowa Iyakarsa

A ƙarshen shekarar 2017 rikici ya yi tsami tsakanin kamfanonin siminti na Dangote da BUA, waɗanda masu su duk 'yan Kano ne, a kan wani filin dutsen siminti da ke Obu, a yankin Okpella na jihar Edo. Dangote na riƙe da takardar hayar haƙa mai lamba 2541, BUA kuma na da masu lamba 18912 da 18913. BUA ya ce takardar abokin takararsa filin Okene ta ambata, can jihar Kogi. Dangote kuwa ya ce ramin da ake haƙar yana cikin hayarsa. Magana ta kai Babbar Kotun Tarayya da ke Benin, a watan Disamba kuma Gwamna Godwin Obaseki ya ba da umarnin rufe wurin don gudun tashin hankali.

Wanda ya bi labarin da kyau zai ga tambaya guda ce a gindinsa: lambobin da ke rubuce a takarda, ina suka faɗa a doron ƙasa? Lauya ya iya warware sharuɗɗan yarjejeniya, alƙali ne da yanke hukunci, amma wannan tambaya safiyo ne mai amsa ta. Na daɗe ina jinjina wa masu wannan sana'a, domin su ne ke ɗauko magana daga ofis su kafa ta inda ido zai gani, kuma gani ya kori ji.

A Najeriya, tsarin mulki ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk abin da ke cikin ƙasa, shi kuwa filin da ke sama Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa amanarsa a hannun gwamna. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ɗora rajistar lasisi a kan ofishi guda da ke Abuja, wanda ya yanyanka taswirar ƙasar gida-gida. Kowane gida daƙiƙa 15 ne a tsaye da 15 a kwance bisa ma'aunin taswira, wato kimanin mita 460 kowane gefe, hekta 20 da ɗoriya. Ke nan kuskuren daƙiƙa ɗaya tak ya isa ya gusar da iyaka da wajen mita 30, kuma a filin da ke cike da arziki, mita 30 ɗin nan dukiya ce mai yawa.

Ga yadda gwanin ke aiki. Ba ya fara awo daga inda kamfani ya nuna masa. Sai ya nemo tsohon turken gwamnati wanda aka riga aka tabbatar da lambobinsa, ko da sai an sassabe daji kafin a gan shi. A kansa zai kafa ƙafa-uku, ya ɗora na'ura, ya riƙa murza sukurori a hankali har ɗigon iskar da ke cikin gilashi ya tsaya cak a tsakiya. Yaronsa na can nesa riƙe da sanda mai madubi. Ya auna kusurwa, ya auna tazara, ya rubuta, su ƙara gaba. Haka za su zagaye filin kaf su dawo kan turken farko. A nan ake gane gwani: in lissafi bai haɗe da inda aka faro ba, kuma giɓin ya wuce abin da ƙa'ida ta yarda, ba ya shafa masa mai. Sai a sake, komai zafin rana. In ya haɗe, a zuba turakun siminti a kowace kusurwa, kowanne da lambarsa.

Wani abin da sai masani shi ne sasanta tsohuwar taswira da sabuwar na'ura. Tsofaffin taswirorin Najeriya an gina su kan ma'aunin da tushensa ke Minna, ita kuwa GPS da ma'aunin duniya na WGS 84 take lissafi. Lamba ɗaya, in aka karanta ta da ma'aunan biyu, wuri biyu za ta nuna, da gomman mitoci a tsakaninsu. Mai gaggawa zai ɗauki lambar tsohuwar takarda ya danna a na'ura, ya kafa turke a filin maƙwabci, alhali yana rantsuwa a kan gaskiyarsa yake. Gwani kuwa tambayarsa ta farko ita ce: da wane ma'auni aka rubuta wannan?

Aikin bai ƙare da kafa turaku ba. Rami kullum faɗi yake ƙarawa, don haka safiyo ke dawowa ya duba ko bakinsa ya tsallaka iyaka. Shi ke shata hanyar da manyan motoci za su bi idan dole sai sun ratsa hayar wani, ya auna gonakin da za a biya wa diyya, ya zauna da dattawan gari ya ji inda rafi yake kafin ya sauya hanya. A gaban kotu ma taswirarsa shaida ce. Shi ya sa jarinsa na gaske shi ne amana, domin ƙarya ɗaya a kan turke na iya haddasa shari'ar shekaru.

Yau ana tururuwar neman zinare a Zamfara, kuza a Filato, litiyom a Nasarawa, kuma kowane lasisi yana da maƙwabci. Kirana ga kamfanoni da sarakuna da masu gonaki shi ne, kada a sa hannu a takardar amincewa da haƙar ma'adinai sai safiyo mai rajista ya zagaya da kowa ya nuna masa turakun da idonsa. Matasanmu masu kan lissafi kuma su dubi wannan fanni. Makarantar Safiyo ta Tarayya na nan a garin Oyo. Tun ran gini ake zane, kuma kuɗin awo bai kai na shari'a ba.